Baƙin Allo a Erdington

Akwai wata Litinin ta watan Maris da ba na jin za ta taɓa fita daga raina. Ranar ce na rufe koken wata baiwar Allah ba tare da na gyara mata komai ba, na kuma tashi na haɗa shayi ina ganin na yi aiki.

Sunana Zulaihat, a ofis ana ce mini Zulai. A lokacin ina cikin shekarata ta shida a wannan ƙungiya tamu ta Cheetham Hill, a Manchester. Ga wanda bai san aikinmu ba, kamfanoni ne ke ba mu tsofaffin laftof da suka gama da su, mu goge su tas, mu ɗora musu Linux, sannan mu raba wa masu neman aiki da ɗalibai da duk wanda aka turo mana. Linux shi ne tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, kyauta ne, kowa na iya buɗe cikinsa ya duba ya gyara. Idan laftof ya ba wa mai shi matsala, sai ya rubuto mana ko ya kira, a buɗe masa abin da muke kira tikiti. 'Yan layin farko ne ke fara dubawa. Abin da ya fi ƙarfinsu sai ya hauro layi na biyu, inda nake. A samanmu akwai manaja, Colin, Bature ne ɗan Salford, mutum mai haƙuri amma mai son a bi ƙa'ida.

Tikitin da nake magana ya zo ne daga Birmingham, unguwar Erdington, da sunan Rukayya. Layi uku ne kawai da Turanci: bidiyo yana tsalle, laftof yana zafi yana rawa, kuma tana da intabiyu ranar Juma'a da ƙarfe goma. 'Yan layin farko sun nemi ta turo hoton allon, ta turo, ba wani abu a jikinsa. Ni kuma na shiga laftof ɗin daga nesa, na ga komai yana buɗewa. Na san cewa bidiyo ko lafiyarsa ƙalau, idan daga nesa kake kallonsa sai ya yi ta cijewa, don haka ban tsaya gwada shi ba. Na rubuta mata cewa mai yiwuwa intanet ɗin gidansu ne, ta matsa kusa da na'urar wayfay. Na rufe tikiti. Duka-duka minti goma sha biyu.

Ranar Laraba da hantsi aka ce mini wata mata na kan waya, ta ce ita da mai suna Zulaihat take son magana. Ina ɗauka na ji sallama da Hausa.

"Ke ce Zulaihat ɗin da ta rubuto wa Rukayya? Na ga sunan na ce wannan tamu ce. Ni ce mahaifiyarta."

Na gaishe ta, na ce, "Hajiya, ina fata an samu sauƙin abin?"

"Ina fa sauƙi, 'yata. Tun shekaranjiya yarinyar nan take yawo da kwamfuta a gida, daga falo zuwa kicin, har gindin akwatin intanet ɗin ta zauna a ƙasa. Abin yana nan. Ga ƙara kamar injin markaɗe."

Na ce ko za ta ba ni Rukayya mu yi magana, don in ji daidai abin da take gani.

Sai ta ce, "Ba a gaya miki ba ne? Rukayya kurma ce, tun haihuwa. Da hannu take magana."

Sai da na ajiye biron da ke hannuna. Hajiya ta ci gaba da yi mini bayani a tsanake. Rukayya shekararta ashirin da shida, a ƙasar nan aka haife ta, ta karanta zanen gine-gine. Intabiyun na Juma'a ta bidiyo za a yi shi, kuma za a haɗa da tafinta wadda za ta riƙa juya maganar masu tambaya zuwa maganar hannu. Ta ce, "Ke idan hoto ya tsaya miki, kina jin murya, ba abin da ya wuce ki. Ita idan ya tsaya, maganar ce ta yanke. Jiya sun gwada da ƙawarta, sai ta ga hannu a sama, ƙiftawar ido ya koma ƙasa, abin da aka faɗa a tsakani ya tafi. Wata tara tana neman aiki, wannan ne karo na farko da aka kira ta."

Na buɗe fayil ɗinta ina kan wayar. Ga shi nan a shafi na biyu, an rubuta ƙarara cewa kurma ce, shi ya sa ma aka zaɓa mata babban laftof irin na injiniyoyi, mai faffaɗan allo. Ban buɗe shafi na biyu ba ranar Litinin. Na sake karanta layin da ta ce laftof yana rawa. Fankar cikinsa ce ke gudu iya ƙarfinta, ita ba ta jin ƙarar, a tafin hannunta take jin ta.

Daga nan na san inda matsalar take. Na ce, "Hajiya, ina zaton direba ne."

"Wane direba kuma? Mu da ba mu da mota?"

Duk da halin da nake ciki sai da na yi dariya. Na ce mata a cikin laftof akwai wani ɓangare da aikinsa kawai zana hoto a allo, kuma akwai wata 'yar manhaja da ke koya wa kwamfutar yadda za ta yi magana da wannan ɓangare, ita ake kira direba. Idan ta ƙi tashi, allo ba ya mutuwa, sai ƙwaƙwalwar kwamfutar ta ɗauki aikin zanen a kanta, ta yi ta fama, ta yi zafi, hoto ya riƙa tsalle.

"To a tashe shi mana," in ji ta.

Abin da na yi niyya ke nan. Na sake buɗe tikitin, na tura wa Rukayya saƙo ta waya na ba ta haƙuri, na nemi izinin shiga. Na duba, na ga lallai direban bai tashi ba. A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko. Maimakon in tsaya in karanta rahoton da kwamfutar ke rubutawa duk lokacin da aka kunna ta, in ga dalilin da ya hana direban tashi, sai kunya da sauri suka ja ni. Na cire shi, na sake ɗora shi sabo, na kuma rubuta umarnin da ke tilasta wa kwamfutar amfani da shi, shi kaɗai. Na ce ta kashe ta kunna.

Na zauna ina jiran laftof ɗin ya sake bayyana a wajena. Minti biyu, minti biyar. Sai ga hoto ya shigo wayata: allo baƙi ƙirin, ana ganin inuwar Rukayya a jikinsa riƙe da waya. A ƙasa ta rubuta, "Yanzu babu komai."

Mun ɗauki kusan awa ɗaya muna gwadawa ta saƙo. Na sa ta danna maɓallan da ke buɗe allon rubutu zalla, bai buɗe ba. Na sa ta riƙe wani maɓalli lokacin kunnawa don jerin zaɓi ya fito, ta gwada ya fi sau goma, bai fito ba. Ba ta zage ni ba, ba ta yi ƙorafi ba. A ƙarshe ta rubuto cewa za ta rubuta wa kamfanin da ya kira ta intabiyu ta ce a ba wani gurbinta, don a waya hannun tafinta ya yi ƙanƙanta, ga shi za a nuna mata zane a tambaye ta a kansa. Na ce kada ta tura wannan wasiƙa sai ta ji daga gare ni.

Na shiga ofishin Colin na gaya masa komai, har da shafi na biyu da ban buɗe ba. Ya saurara, sannan ya ce ƙa'ida a bayyane take: a aika mata wani laftof, ta dawo da wannan. Na ce na riga na duba sito, waɗanda suke shirye duk ƙanana ne marasa ƙarfi, kuma mai kai kaya ba ya alkawarin isa kafin ƙarfe goman Juma'a. Ya ce mai taimaka mana a Birmingham fa? Na ce ya yi tafiya. Ya tuna mini cewa gobe Alhamis ne za mu miƙa laftof ɗin wata makaranta a Salford, kuma a kan bencina suke, wato teburin da nake gyara.

Na ce, "Colin, da safe laftof ɗinta yana aiki ko da rabi-rabi ne. Ni na kashe shi. Ka bar ni in je gobe."

"In kin je bai gyaru ba fa?"

"Zan tafi da nawa na aiki, in bar mata shi har ta gama."

Ya ce wannan ma ya saɓa ƙa'ida. Ya daɗe yana kallon jadawalin da ke bango, sannan ya naɗe hannun rigarsa ya ce in nuna masa inda na tsaya a kan na makarantar. Rabon Colin da zama a benci ya kai shekara uku. Sauran yinin na yi shi ne ina shirya filas biyu masu ɗauke da Linux, wanda za a iya tayar da kwamfuta da su ko nata tsarin ya mutu, na kuma rubuta a takarda duk abin da zan duba, ɗaya bayan ɗaya, don kada sauri ya sake ja na.

Alhamis da safe na hau tiram, ɗan jirgin cikin gari, zuwa tasha, na shiga jirgin Birmingham, daga can na canza zuwa Erdington. Ana yayyafi. Gidansu yana wani layi ne a bayan babban titin kasuwa. Hajiya ce ta buɗe ƙofa, ta riƙe ni hannu bibbiyu tana "sannu da hanya, 'yata, tun daga Manchester", kamar ba ni ce na jawo abin ba. Rukayya tana tsaye a bayanta, doguwa, da tabarau. Ta ɗaga mini hannu, na ɗaga mata. Sai na ga ban san ko gaisuwa ɗaya ba da yarenta. Ta riga ta tanadi littafi da biro a kan teburin cin abinci, kusa da laftof ɗin. Abin da ta fara rubutawa shi ne, "Duk abin da za ki yi, ki rubuta mini shi. Ina so in sani."

Na gyaɗa mata kai, alamar to.

Na tayar da kwamfutar da filas, na shiga cikin nata tsarin, na goge umarnin da na rubuta jiya. Na kunna. Allo ya kawo. Hajiya ta ce, "Alhamdulillahi, an gama!" Na ce mata a'a, mun dai dawo inda muke jiya da safe. Wannan karon na buɗe rahoton kunnawa na zauna na karanta shi layi-layi, Rukayya na gefena tana bi da ido. Ya ɗauke ni fiye da rabin awa kafin in kai wurin. Layi ɗaya ne tak, yana cewa an ƙi karɓar direban saboda babu sa hannun da aka amince da shi.

Ga abin da ya faru. A cikin laftof na zamani akwai wani tsaro da ke tashi tun kafin Linux ya tashi, kamar mai gadi a bakin ƙofa, ba ya barin wata manhaja ta shiga can ciki sai da sa hannun da ya sani. Lokacin da muka shirya wannan laftof a bencinmu, an kashe tsaron don direban ya wuce. Makon da ya gabata sai laftof ɗin ya sabunta kansa, sabuntawar ta mayar da saitin yadda ya zo daga masana'anta, mai gadin ya dawo bakin aiki. Ko sau ɗari na sake ɗora direban daga Manchester, a bakin ƙofa zai tsaya. Na rubuta wa Rukayya wannan a littafin. Ta karanta, ta ja layi a ƙarƙashin wurin da na ce an kashe tsaron, ta rubuta, "In kin sake kashe shi, zai iya sake dawowa?"

Na rubuta, "Zai iya."

"To kada ki kashe."

Hanyar da ta fi tsawo ke nan, amma ita ce daidai. Na ƙirƙiri sa hannu na laftof ɗin kansa, na sa wa direban, sannan na nemi tsaron ya yi rajistarsa. Wannan mataki ba a yin sa daga nesa, dole mutum ya zauna gaban kwamfutar. Idan ta tashi, wani shuɗin allo ne ke fitowa na 'yan daƙiƙoƙi, a danna, a shigar da kalmar sirri. Karo na farko Hajiya ta shigo da farantin shinkafa, na juya in karɓa, shuɗin allon ya wuce. Na sake daga farko. Karo na biyu na tura wa Rukayya laftof ɗin, ita ta danna, ita ta shigar da kalmar.

Kwamfutar ta tashi. Na duba, direba ya hau. Rukayya ta ɗora tafin hannunta a gefen madannai, ta jira, sannan ta dube ni ta gyaɗa kai. Fankar ta lafa. Na kunna wani bidiyo, na gan shi sumul. A raina na fara lissafin jirgin da zan kama.

Ta rubuta, "Bari in kira Hannah."

Hannah ita ce ƙawar tata, kurma ce ita ma, tun makaranta suke tare. Ta bayyana a allo, suka fara magana. A idona komai lafiya. Ba a yi minti ɗaya ba Rukayya ta girgiza kai. Ta jawo littafi: manyan alamu suna fita, amma idan Hannah ta zo harhaɗa suna da yatsu, harafi bayan harafi, wasu haruffan suna ɓacewa. Kuma a intabiyu, sunayen manhajojin zane da na kayan gini duk da yatsu ake harhaɗa su.

Na sake kallo, na ƙura ido, wallahi ban ga komai ba. Duk abin da na iya aunawa yana ce mini an gama. Hajiya ma ta ce, "Ke Rukayya, ai ya yi kyau, baiwar Allahn nan tun safe ko abinci ba ta ci ba," tana faɗa tana yi mata da hannu irin tasu ta gida. Rukayya ba ta ko kalli abincin ba, ni take kallo. Na rubuta mata, "In kin ce bai yi ba, bai yi ba."

Na koma kan takardata. Direba yana aiki, allo yana kan saurinsa, intanet lafiya. Abin da ya rage shi ne burauza, manhajar da ake kiran bidiyon a cikinta. Na buɗe shafin da take bayyana halin da take ciki, sai ga shi: a kwanakin da direban ya mutu, ta daina tura aikin bidiyo ga ɓangaren zane, kuma da ya dawo ba ta koma ba. Har yanzu ƙwaƙwalwar kwamfutar ce ke ɗauke da rabin kayan. Na gyara saitin, na ɗora wani ɗan ƙarin da ya ɓace lokacin da na yi cire-ciren jiya, na rufe na buɗe. Muka sake kiran Hannah.

Rukayya ta ce mata ta yi sauri, iya saurinta. Yatsun Hannah suka fara gudu, ni dai ban ga bambanci da na ɗazu ba. Rukayya ta ɗauki biro tana rubuta abin da ake harhaɗa mata ba tare da ta kalli takardar ba. Kalma ta farko, ta biyu, ta uku. A ta huɗu sai ta fashe da dariya, dariya mai ƙarfi da ta cika falon, ta juyo mini da littafin. Hannah sunana ta harhaɗa, kuma ta yi kuskure a harafi ɗaya, Rukayya ta kama kuskuren.

Ban tafi ba sai da muka kashe muka kunna sau uku, na dakatar da sabuntawa har zuwa Litinin, na kuma bar mata laftof ɗina na aiki a kan kujera ko da wani abu zai faru. Sannan na ci shinkafar, ta huce, na cinye tas.

Juma'a da rana saƙonta ya shigo. Ta ce an yi minti hamsin, ba ta ce a maimaita mata tambaya ko ɗaya ba. Bayan mako biyu ta sake rubutowa cewa ba su ɗauke ta ba, sun ɗauki wani da ya fi ta daɗewa a aiki. Na fara rubuta mata jaje, sai ga wani saƙon ya biyo baya: "Kada ki damu. Amsoshina suka auna, kuma na san inda zan gyara." A watan Yuni wani kamfani a Birmingham ya ɗauke ta. Hajiya ce ta kira ni ta faɗa mini, ta kuma tambaya ko direban yana nan lafiya.

Da na dawo Manchester, ni da Colin muka bi duk laftof irin wannan da muka raba, muka yi musu rajistar sa hannun, muka kuma daina kashe tsaron a benci. Wannan shi ne gyaran da ya shiga littafin ƙa'ida. Wanda bai shiga ba shi ne nake so ku sababbin shiga aikin nan ku riƙe. A wannan aiki za ku koyi karanta rahoto, za ku koyi auna komai, kuma wata rana duk ma'auninku za su ce lafiya lau, mai laftof ya ce a'a. Kada ku yi masa gardama da lambobi. Ku tambaye shi me yake yi da allon, ku zauna kusa da shi ku bar shi ya gwada da kansa. Ranar nan a Erdington ni ce mai shekara shida a kan benci, amma a cikinmu mutum ɗaya ce ke iya ganin ko an gyara, kuma ba ni ba ce.